Ba kowace laftof da ta ƙi tashi ce bod ɗinta ya mutu ba

Mafi yawan kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai da malamai da ma'aikata a nan Bauchi ba sababbi ba ne. Na hannu ne, waɗanda ofisoshin Ingila da Amurka suka sallama bayan sun more su na wasu shekaru, aka kwaso su zuwa Legas, daga can suka biyo hanya har suka iso shagunanmu. Wanda ya leƙa ɗakin karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, ko ɗakunan ɗalibai na Yalwa da Gwallameji, abin da zai fi gani shi ne HP EliteBook da ProBook, da Dell Latitude, sai Lenovo ThinkPad jefi-jefi. Injuna ne masu ƙwari, kuma an ƙera su yadda za a iya kwance su a sauya musu kaya, wanda hakan ba ƙaramin alheri ba ne a gare mu. Sai dai an yi su ne domin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta rawa, mu kuwa a kan katifa muke ɗora su, mu ba su wutar janareta, su shaƙi ƙurar hunturu wata da watanni, sannan su faɗa zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke kusantar digiri 40.

Ni ba injiniya ba ne. Sana'ata buga rubutu da tsara takardu, kuma ranar da laftof ta tsaya, ranar babu cefane, shi ya sa dole ta sa na koyi halinta. Abin da na lura da shi shi ne, da zarar kwamfuta ta yi ɗan tari, hukunci biyu ne ke saurin fitowa daga bakin mutane: ko a ce a yi mata fomatin, ko a ce bod, wato babban allon da duk kayan cikinta ke jone da shi, ya mutu. Fomatin manhaja yake sharewa ya sake zubawa, ba ya ɗaure wayar da ta saki, ba ya fitar da ƙura daga fanka. Mutuwar bod kuwa tana faruwa, amma ba da yawan da ake ambatonta ba, kuma hukunci ne mai tsada da bai kamata a yanke shi da kallon ido kawai ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai ƙananan larurori masu yawa da mai kwamfuta zai iya ganowa da kansa, ko da ba shi zai gyara ba. Ƙa'idar da nake bi ita ce in fara daga bango in shigo ciki, kuma kada in sauya abu biyu a lokaci guda, domin wanda ya sauya caja da batir da RAM (ɗan allon da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinsa) a zama ɗaya, ko da kwamfutar ta tashi, bai san wane ne mai laifin ba, ga shi kuma ya biya kuɗin uku.

Bango yana nufin soket da doguwar wayar nan mai ramuka da yawa da kowa ke jonawa. A saka cajar waya a ramin a ga ko akwai wuta, kafin a tuhumi kowa. Daga nan sai cajar kwamfutar kanta, wadda a ganina ita ce ke da alhakin kaso mafi girma na abin da ake ɗora wa laftof. Caja gaɓa biyu ce: wayar da ke tasowa daga bango zuwa tubalin, da wadda ke fita daga tubalin zuwa kwamfuta. Ta farkon cire ta ake yi, kuma babu abin da ya kai ta araha a kayan laftof, amma takan karye daga ciki ba tare da an ga alama a waje ba, ko kuma fis ɗin da ke cikin filoginta mai ƙafa uku ya ƙone. Aro irinta a wurin maƙwabci ya isa ya raba gardama.

A jikin tubalin akwai ƙananan rubutu da ya kamata kowa ya karanta ko sau ɗaya ne. Layi ɗaya yana faɗin wutar da cajar ke karɓa, yawanci daga bolt 100 zuwa 240, saboda haka wutarmu ta 230 tana cikin hurumi. Ɗaya layin yana faɗin wutar da take fitarwa: cajar HP da Dell masu zagayayyen baki galibi 19.5 ce, ta Lenovo kuma 20. Sai ƙarfin cajar, wanda aka fi samu a wat 45 da 65 da 90. Bolt dole ne ya dace da abin da aka rubuta a ƙarƙashin kwamfutar. Wat kuwa yana iya ɗara abin da ake buƙata ba tare da illa ba, domin kwamfuta gwargwadon buƙatarta take ja, amma kada ya gaza. Idan aka ba injin da ke son 65 cajar 45, zai kunnu, sai dai batir zai riƙa cika da ƙyar, aiki ya yi sanyi, tubalin kuma ya ɗauki zafi. Duk mai gyaran rediyo yana da mita, kuma cikin minti ɗaya zai auna bakin cajar ya faɗi ko tana fitar da abin da aka rubuta mata.

Akwai wata siririyar allura a tsakiyar bakin cajar Dell da HP wadda ta jawo wa mutane da yawa asara. Ana zaton ita ce ke kai wuta, alhali wutar ta bangon ciki da bangon waje na bakin take bi. Aikin allurar kai saƙo ne, tana shaida wa kwamfuta irin cajar da aka jona mata. A kan Dell, idan allurar ta lanƙwashe, ko zaren wayarta ya tsinke, kwamfutar za ta ci gaba da aiki da wutar caja, amma batir ba zai ƙaru ba, kuma sau da yawa sai ta rage gudu, wani lokaci ma ta nuna gargaɗi tun wajen kunnawa cewa ba ta gane cajar ba. Wanda bai san haka ba batir zai je ya saya. Hanyar tantancewa ita ce a shiga BIOS, wato shafin saitin nan da ke zuwa kafin Windows, ta danna F2 lokacin kunnawa, a duba layin da ke nuna ƙarfin caja. Idan ya nuna 65 ko 90, saƙon yana isa. Idan ya nuna ba a san ta ba, sai a gwada wata cajar ta asali, idan ita ma hakan aka gani, to laifin ya koma kan ramin cajar da ke jikin kwamfutar.

Shi ma ramin bai kai a ce bod ba. Idan sai an murɗa bakin caja, ko an tokare shi da littafi, sannan wuta ke shiga, to ko dai wayar ta karye a wuya saboda yawan naɗe ta da ƙarfi a jikin tubali, ko ramin ya saki. A da yawa daga cikin kwamfutocin ofis ɗin nan ramin caja yana kan guntuwar wayarsa ne, jona shi aka yi a bod, saboda haka zare shi ake yi a saka wani, babu dalma babu wuta. Sababbin da ke caji ta USB-C nasu ramin galibi liƙe yake da bod, amma kafin a kai ga wannan maganar a kashe kwamfutar a sa tsinken sakace na itace a yi yasar ramin a hankali. Abin da ke fitowa na ƙura da zaren aljihun jaka yana ba da mamaki, kuma shi ke hana bakin cajar zama daram.

Game da jabun caja, araha ba ta ado. Ana gane ta tun a hannu, domin ba ta da nauyi, kuma tana da wata alama da ta sa mutane da dama zargin filin nan da ake jan yatsa a kai: da zarar an jona ta sai kibiya ta riƙa tsalle a sikirin, tana zuwa inda ba a aike ta ba, idan aka zare sai komai ya daidaita. Wannan ba laifin kwamfuta ba ne, wutar da ke shiga ce ba ta da tsabta. Hakan yakan faru ko da caja mai kyau ce idan ana kan ƙaramin janareta. Haka nan ɗan tsikarin da ake ji a tafin hannu a jikin laftof mai gangar ƙarfe, yawanci alama ce ta cewa wayar ƙasa ba ta aiki a soket ɗin, abin da ya zama ruwan dare a gidajen haya. Ni dai ba na jona caja sai janareta ya daidaita muryarsa, kuma da damina idan aka fara tsawa zare ta nake yi.

Idan caja lafiya lau take amma kwamfuta ta yi gum, babu haske babu motsi, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A zare caja, a cire batir idan mai ciruwa ne, a zare duk abin da ke jone ta USB, sannan a danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 15 zuwa 20. Bayan haka a mayar da caja ita kaɗai a kunna. Abin da hakan ke yi shi ne zubar da ragowar wutar da ta maƙale a ciki, domin ƙaramin injin da ke kula da kunnawa da caji da kibod, wanda kan rikice idan wuta ta yi gaba da baya, ya faro daga farko. ThinkPad da yawa masu batir na ciki suna da ɗan rami a ƙasa da ake tsikara da tsinken ƙarfe domin wannan aikin. Na ga kwamfutocin da aka riga aka fara yi wa ta'aziyya sun farfaɗo da wannan kaɗai.

Batir ba a yi masa hukunci da zato, tunda Windows tana ajiye lissafinsa. A buɗe tagar umarni, wato Command Prompt, a rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da takarda mai nuna lambobi biyu masu muhimmanci: abin da aka ƙera batirin ya riƙe, da abin da yake iya riƙewa yanzu. Idan, a misali, an yi shi domin 50,000 amma ya dawo 18,000, to babu saitin da zai mayar da shi saurayi, kuma wannan gwajin ya kamata a yi shi a gaban mai shago kafin a biya kuɗin laftof ta hannu. Zafi shi ne babban abokin gabar batirin litiyam, musamman idan yana cike dam. Mai barin kwamfuta a jone dare da rana a kan sola ko inbata zai amfana da saitin da ke tsayar da caji kafin ya cika, wanda ake samu a BIOS na Dell da na HP na ofis, da kuma manhajar Vantage ta Lenovo. Abu ɗaya ne ba a jinkiri a kansa, wato kumburi. Idan filin yatsa ya fara tasowa, ko dannawa ta yi tauri, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, ko kwamfutar ta daina zama daidai a kan tebur, to batir ne ke kumbura daga ciki. Ba a danna shi, ba a huda shi, ba a ci gaba da caji. A cire shi, kwamfutar za ta iya aiki da caja kaɗai kafin a sami wani.

Sai maganar zafi, wadda a ƙasar nan ita ce uwar matsaloli. Yadda laftof ke sanyaya kanta abu ne mai sauƙi: wani bututun jan ƙarfe yana kwasar zafi daga kan injin lissafi ya kai shi ga wasu siraran haƙoran ƙarfe da ke bakin tagar gefe ko ta baya, fanka kuma ta jawo iska daga ƙasa ta hura ta tsakanin haƙoran. Duk iskar da ta bi nan da ƙurarta take bi. Wanda ya kwance murfin ƙasa bayan hunturu, ya sassauta notinan fanka ya ɗaga ta, zai tarar da wani abu tsakanin fankar da haƙoran mai kama da audugar tsohuwar katifa, ruwan toka, ya yi tauri har ana iya ɗago shi gaba ɗaya da tsinke a matsayin zare guda, da siffar haƙoran a jikinsa. Daga waje ba a ganinsa ko kaɗan, kuma busa iska ta tagar ba ya fitar da shi, sai ma ya tura shi cikin fanka. Alamominsa sanannu ne: fanka na ihu amma idan aka kara hannu a taga iskar da ke fitowa ba ta taka kara ta karya ba, kwamfuta tana gudu da safe ta yi sanyi da rana, ko ta mutu da kanta a tsakiyar aiki mai nauyi. Injinan Intel suna rage wa kansu gudu ne idan zafinsu ya doshi digiri 100, domin kada su ƙone, saboda haka nawar da ake gani kariya ce, kuma fomatin ba zai taɓa ta ba.

Wajen sharewa tsohon buroshin haƙori busasshe ya wadatar. Idan za a hura iska, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa fiye da ƙa'ida. Kafin a taɓa komai a ciki a zare caja, a zare wayar batir daga bod, a kuma taɓa wani ƙarfe da hannu, domin da hunturu iska a bushe take, kuma tartsatsin nan da ke tashi idan an cire rigar sanyi ya isa ya lalata ƙananan kayan ciki. A jera notina a kan takarda yadda suke a jikin kwamfutar, saboda tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogon noti a gajeren rami yana iya huda abin da ke samansa. Idan an share ƙura zafi bai sauka ba, sai a duba man nan ruwan toka da ke tsakanin injin da bututun, wanda kan bushe ya farfashe bayan shekaru. Goge tsohon ake yi da sifirit a ɗiga sabo kaɗan. Na ji masu cewa man goge baki yana yi, kuma roƙona shi ne kada a gwada. Katifa da filo da darduma mai gashi kuwa toshe hancin kwamfuta suke yi, faranti ko guntun katako a ƙarƙashinta ya raba ta da wannan wahalar.

Matsalar da ta fi tsorata mutane ita ce a kunna, fitilu su kama, fanka ta juya, amma sikirin ya tsaya baƙi ƙirin. Haka ɗan wana ya shigo mini da tasa ana saura kwanaki kaɗan ya miƙa aikin kammala karatu. Ya ce, "Baffa, an duba an ce bod ne, kuɗin da aka faɗa mini kuma ya kusa kuɗin wata." Na tambaye shi abin da ya faru kafin ta ɗauke, ya ce babu komai, da daddare ya rufe ta lafiya, da safe ya saka ta a jaka ya hau acaɓa. Na ce masa ai acaɓan ma wani abu ne. Muka kwance murfin, muka zare batir, na buɗe 'yan ƙarfunan nan biyu da ke riƙe da RAM ta gefe da gefe, ya ɗago da kansa a karkace. Haƙoransa na ruwan zinariya sun yi duhu-duhu, ga ƙura a cikin ramin. Na goge su da robar goge fensir, na kaɗe ramin da buroshi, na mayar da shi a karkace yadda ya fito har haƙoran suka shige, sannan na danna ƙasa ƙarfunan suka ce ƙas. Da muka kunna ta ɗan yi jim, har yaron ya fara salati, sai ga tambarin kamfani a sikirin. Wannan jinkirin al'ada ne, kwamfuta takan sake ƙidaya RAM idan an taɓa shi, saboda haka kada a yi saurin kashewa.

Idan RAM biyu ne a ciki, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, a kowane rami. Wanda zai sayi ƙari kuma ya san cewa DDR3 da DDR4 ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke tsakanin haƙoransu ba wuri ɗaya take ba, kuma ko a cikin DDR3 akwai mai bolt 1.5 da mai 1.35 da ake ƙara wa harafin L, wasu kwamfutocin na biyun kaɗai suke karɓa. Ita kanta kwamfutar takan faɗi ciwonta da ƙyaftawar fitila, mu ne ba mu kula. A kan Dell Latitude na shekarun baya-bayan nan, fitilar batir idan ta ƙyafta ruwan goro sau 2 sannan fari sau 3, tana cewa ba ta ga RAM ba, idan kuwa 2 da 7 ne, sikirin take nufi. HP da fitilar Caps Lock take nata bayanin. A ƙidaya ƙyaftawar a rubuta, a nemi ma'anarta a shafin kamfanin da lambar samfurin. Haka kuma kowannensu na da gwajin kansa da ba ya buƙatar Windows: a HP a danna Esc sannan F2 lokacin kunnawa, a Dell a danna F12 a zaɓi gwaji.

Domin raba sikirin da sauran jiki, a jona kwamfutar da talabijin ta wayar HDMI, a danna maɓallin Windows tare da P. Idan hoto ya fito a talabijin, galibi bod da RAM sun fita daga zargi. Daga nan a haska tocilar waya a jikin baƙin sikirin ɗin daf da daf, a karkace. Idan ana hango inuwar rubutu dishi-dishi, sikirin yana aiki, hasken bayansa ne ya ɗauke. Dell na da wata dabara: a danne harafin D sannan a kunna, sikirin zai riƙa sauya launuka shi kaɗai, kuma duk layi ko tabon da ya bayyana a nan na gilashin ne. Idan kuma hoto yana rawa ko yana ɗaukewa ne kawai sa'ad da ake motsa murfi, to wayar da ta ratsa ta cikin hinji, wato ƙarfen da ke haɗa murfi da gangar jiki, ce ta gaji ko bakinta ya saki.

Hinji kuwa ya cancanci a kula da shi tun bai yi magana da ƙarfi ba. Ƙura da tsufa suna sa shi tauri, shi kuma notinansa a cikin wasu ƙananan gidajen tagulla suke, waɗanda aka dasa a roba. Idan ya yi tauri, duk buɗewa robar ce ke shan wahala, har ranar da gidajen za su tumɓuke. Alamar farko ita ce ƙara ƙas-ƙas da ɗan buɗewar baki a kusurwar sikirin. A wannan matakin gyaran bai wuce a sassauta notin hinjin kaɗan a ɗaure sauran ba. Idan aka bari, ƙarfen yakan fasa gilashi ko ya datse wayar sikirin da siraran wayoyin eriyar Wi-Fi da ke bi ta wurin, shi ya sa wasu ke mamakin yadda intanet ya raunana bayan hinji ya karye. A riƙa buɗe murfi daga tsakiya, ba daga kusurwa ba, kuma kada a ɗaga laftof ta sikirin. Masu tsiyaya gam mai kamawa nan take a cikin hinji kuwa gyaran gangar Abzinawa suke yi.

Kibod ba ya buƙatar dogon bayani. Idan U da I da O suna ba da 4 da 5 da 6, Num Lock ne a kunne. Idan harafi ɗaya ya ƙi, ƙila ɓarɓashi ne a ƙarƙashinsa. Idan jerin haruffa ne suka mutu tare, to zanen wayar ciki ne ya yanke ko faffaɗar wayarsa ta saki daga bod, kuma kibod na USB zai riƙe mutum kafin a sauya. Haka nan idan kwanan wata yana komawa shekarun baya duk lokacin da batir ya ƙare, har shafukan intanet suna ƙin buɗewa suna kukan rashin tsaro, ɗan ƙaramin batirin agogo ne mai bolt 3 ya ƙare, yawanci CR2032, wanda a laftof kan zo a naɗe cikin roba da guntuwar waya.

Inda ba a wasa shi ne faifan ajiya, domin duk sauran kayan ana sayensu a kasuwa, amma aikin shekara uku ba a sayensa. Tsohon faifai mai juyawa, wanda galibi ke zagaye 5,400 a minti, ba ya son girgiza, kuma mu a kunne muke ɗaukar kwamfuta daga ɗaki zuwa ɗaki. Idan ya fara ƙara ƙyat-ƙyat, ko kwamfuta tana daskarewa wajen buɗe fayil, aikin farko kwashe takardu ne zuwa filas ko wani faifan, kafin kowane irin gwaji. Idan saƙo ya fito cewa ba a ga abin da za a tashi da shi ba, wanda HP ke yi wa lamba 3F0, a duba BIOS ko yana ganin faifan, a zare shi a mayar, domin shi ma yakan saki kamar RAM. Sauya shi da SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, shi ne kuɗin da ya fi kowane amfani da mutum zai kashe wa tsohuwar laftof.

Ruwa kuma saurin hannu yake so. Idan shayi ko zoɓo ko kunu ya zube a kibod, a danne maɓallin kunnawa har ta mutu, a zare caja, a kifa ta a buɗe, a cire batir da wuri, kuma kada a kunna domin a ga ko tana yi, saboda wannan gwajin ne ke ƙone ta. Binne ta a shinkafa ba ya fitar da sukari, shi kuwa sukari da danshi cin ƙarfe suke yi a hankali, har kwamfutar da ta tashi lafiya yau ta mutu bayan mako biyu. Wannan na masu gyara ne, a buɗe a wanke bod da sifirit. Haka ma warin ƙuna, ko cajar da fitilarta ke mutuwa da zarar an jona ta da kwamfuta, wanda ke nuna wuta na haɗuwa a ciki. A nan ne maganar bod ta zama gaskiya, kuma ko a nan sau da yawa ƙwaya ɗaya ce ta ƙone, wadda mai gyaran da ya iya mita da dalma zai sauya ba tare da an sayi bod sukutum ba.

Kafin a miƙa ta a shago, a kwashe takardu idan tana tashi, a ɗauki hoton shafin BIOS da ke nuna yawan RAM da lambar injin, a kuma rubuta irin faifan da ke ciki da girmansa, a karanta wa mai gyaran a gabansa, domin hakan kariya ce gare shi da mai kaya baki ɗaya. Wanda faifansa ke kulle da BitLocker, wato makullin faifai na Windows, ya nemo mabuɗin nan mai lamba 48 daga asusunsa na Microsoft ya rubuta a takarda, saboda sauya bod ko taɓa wasu saitunan BIOS yakan sa Windows ta nemi lambar, kuma idan babu ita babu mai gyaran da zai iya buɗe faifan. Sannan a faɗa masa gwaje-gwajen da aka riga aka yi da abin da kowanne ya nuna, a kuma roƙe shi ya kira kafin ya sauya wani abu, ya ajiye tsohon kayan da ya cire a karɓa tare da kwamfutar.